Birkin Hannun Dama

Mu huɗu muka tashi daga gida ranar, sauran biyun daga baya suka shigo. Akwai ni. Akwai ƙanen mijina, wanda tun rasuwar yayansa shi ne babba a gidan, mai tebur a bakin masallacin garinmu, mutum mai kaifin baki amma ba mugu ba. Akwai autata da goyonta, ta biyo mu don ta sayi kanwa da barkono. Akwai ɗana na fari, wanda dominsa aka yi tafiyar. Na biyar shi ne mai sayar da kekuna a bayan rumfunan maƙera a Filinge, wani Bazabarme siriri mai furfura a gemu, ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Na shida mai ɗorin garinmu ne, shi kuma sai da yamma muka je gare shi.

Ni babu wanda ya ce in zo. Na yafa zanena, na ce ina da abin saye, na hau amalanke na zauna. Ƙanen mijina ya dube ni ya ce, "Matar yaya, yaushe rabonki da kasuwar Lahadi? Ko wani tsoho kika yi ma alkawali?" Na ce masa ya kula da jakinsa, ya fi shi sanin hanya. Tsakanina da shi wasa ne tun ina amarya shi yana yaro mai majina, ba a riƙe maganarmu.

Tsakanina da ɗan fari kuwa babu wasa, babu ma magana. Ban taɓa kiran sunansa ba tun da aka raɗa masa shi. Ranar da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta goya shi ta kai ɗakinta, ita ya kira Inna har ta koma ga Allah, a hannunta ya yi kiwo ya yi wayo. In ina da saƙo gare shi sai in faɗa wa ƙanwarsa, in ba ta kusa in faɗa wa turmi ko kaza alhali yana tsaye yana ji. Haka na iske ana yi a ƙasar Kurfai, haka uwata ta yi wa babbar yayarmu. Macen da take tarairayar ɗan farinta a gaban mutane, a bakin rijiya ake cin namanta. Ni kaina na ci naman wasu, kuma ban rage musu ba.

Sai dai ba a hana uwa kallo ba, ni kuwa mai kallo ce.

Ya yi shekaru a Kurmi yana dako a bakin teku. Ya dawo bayan an ɗaure hatsi, da jaka guda da takalmin roba, ya iske matarsa ta daɗe da gajiya da jira, an raba auren, ta yi wani a Damana. Ya shiga ɗakin da ke kusa da zaure ya zauna. Daren farko kawai ya zauna kan kwano ɗaya da maza, shi ma bai ci kirki ba, ya ce gajiyar mota. Washegari ya ce yana shan wani magani da ba ya son jira, a riƙa kai masa nasa ɗaki. Wasu suka ce Kurmi ta koya masa girman kai. Wasu suka ce a'a, ladabi ta koya masa, don ya koma gaisawa da hannu biyu, na hagu ya rufe na dama, ya rusuna, har dattawa suna sa masa albarka.

Ni nake wanke kwanonsa. Wata safiya na ga sawun cokali a sauran tuwon, ga shi ba a kai masa cokali ba, ba a kuma dawo da shi ba. Namiji a garinmu ba ya cin tuwon hatsi da cokali sai in da dalili. Daga nan na sa masa ido. Na ga yadda yake rataya buta a wuyan hannu maimakon ya riƙe ta. Na ga igiyar guga ta zame masa a rijiya ya ce jiƙa ta yi. Wata rana yana alwala a bayan rumbu ya naɗe hannun riga, na ga tabo mai kauri daga wuyan hannunsa na dama har kusa da gwiwar hannu, da sawun ɗinki gefe da gefe. Babban yatsa yana motsi. Sauran huɗun suna lanƙwashewa rabi su tsaya, kamar ƙafar kazar da aka yanka. Ban san abin da ya faɗa masa a can ba, har yau ban tambaya ba. Na dai san hannunsa na dama ba ya damƙa, kuma duk gidan ni kaɗai na sani.

Da irin wannan hannu ba a yini da hauya, damina kuwa tana tafe. Shi ya sa da baffansa ya zo da maganar keke na ga ya kama ta da sauri. Tun da hukuma ta hana hawan moto, wato babur, saboda mutanen daji, tungayen da ke saman tudu suka rasa mai kai musu sukari da shayi da sabulu da ashana. Ƙanen mijina ya ce zai sayi keke, ya riƙa ɗora wa ɗan yayansa kaya daga teburinsa yana zagawa. Aiki ne da mutum zai ci abincinsa bai roƙi kowa ba. Amma ƙanen mijina ba zai ɗora kayansa a bayan mai hannu ɗaya ba, na san shi, zai ce tausayi ne ya hana shi, ya ba wani. Ɗana ma ya san haka. Ga shi kuma bai taɓa hawan keke ba. Yana yaro bayan awaki yake, da ya girma kansa ne abin ɗaukar kayansa.

Hantsi ya ɗaga muka shiga gari, bayan sojoji sun sauke mu a shinge sun duba takardu. Kekunan suna jingine da bango a inuwar dogon yaro, manya da ƙanana, wasu ba su da sirdi. Mai su ya taso yana goge hannu da tsumma, ya gaishe mu da Zabarmanci.

"Fofo, fofo. Inna, ga benci. Wa za ya hau?"

"Wanga ƙato," in ji ƙanen mijina. "Bai taɓa hawa ba, ko na aro. Ka ba mu irin na da, baƙin nan mai ƙarhi da malaman makarantar lakwal ka hawa."

"Ina za ya riƙa zuwa da shi?"

"Tudu da gangare. Rairayi da tsakuwa. Da kaya baya."

"To baƙin nan ba naku ba ne. Tayarshi siririya ce, in ta shiga rairayin kwari sai ta nutse, ya koma shi ka ɗaukar keke. Betete kuke so."

"Be mi?"

"Betete. Haka nasara ya sa mashi. Keken dutsi."

Autata ta yi dariya ta ce sunan ya fi dacewa da ɗan akuya. Ɗana bai yi dariya ba. Yana tsaye gefe, hannun dama cikin aljihun riga.

Mutumin ya jawo guda uku ya jera. Duk tayoyinsu masu kauri ne, da ƙuraje a jiki kamar bayan kada. Ƙanen mijina ya nufi wani ja sabo fil, mai walƙiya, da wani murɗaɗɗen ƙarfe a tsakiyarsa wanda yake lotsawa in an danna sirdi. Ya danna, ya sake dannawa, abin ya burge shi.

"Wannan na 'yan birni ne, na zuwa shan iska," in ji mai kekuna. "Ƙarhen nan ado ne, wata biyu ya soma kuka. Kuma babu inda za a ɗaura mazaunin kaya. In ka ce in saisa maka, in saisa maka, amma kada ka dawo ka zage ni."

Daga nan na fara ganin girman mutumin. Na daɗe ina zuwa kasuwa, ban cika ganin mai kushe hajarsa da bakinsa ba.

Ƙanen mijina ya bar jan ya koma kan wanda ya fi duka tsawo, kamar mai zaɓen ragon layya. Mai kekuna ya girgiza kai ya kira ɗana.

"Ba a sayen keke kamar rigar yaro, a ce za ya girma ciki. Zo ka ƙetara, ka tsaya ƙahwa biyu ƙasa."

Ɗana gajere ne, irin gidan ubana ya ɗauko. Da ya ƙetara sai ƙarfen tsakiya ya tokare shi, ya tsaya a kan yatsun ƙafa.

"Ka gani? Ranar da ka dire da sauri, ƙarhen nan za ya yi maka kaciya ta biyu."

Maza suka kwashe da dariya, har wani maƙeri ya leƙo. Na juya fuskata wajen bango.

Na ukun shuɗi ne da ya koɗe, fenti ya ɓare a wurare, an ce daga Turai aka kawo shi bayan wani ya gama morarsa. Da ɗana ya tsaya a kansa, mai kekuna ya auna ya ce akwai ratar yatsa huɗu, haka ake so. Ni ban san keke ba, amma na sayi jaki na sayi akuya, kuma duk abin da za a ɗora wa kaya daga baki nake fara dubansa. Na ga wasu faifan ƙarfe masu haƙora a gindin tayar baya, inda sarƙa ke bi. Na tashi na durƙusa ina duba su ɗaya bayan ɗaya.

"To, matar yaya, shekarunshi nawa?"

"Ya hi ka haƙora," na ce.

"Inna ta yi daidai," in ji mai kekuna. "Can ake dubawa. In sun yi tsini kamar ƙayar aduwa, keke ya tsuhwa, sarƙa ta riƙa tsalle. Waɗanga da sauran hwaɗinsu."

Ya nuna wa ɗana bitas, wani ɗan abu da ake turawa da babban yatsa, sarƙa ta koma kan babban faifai in za a hau tudu don ƙafa ta ji sauƙi. Wannan na ga ɗana ya tura shi ba wahala, raina ya ɗan kwanta. Ya ce zai yanka tsohuwar taya ya shimfiɗa a cikin sabuwa saboda tsidau, in ba haka ba kullum yana bakin hanya yana faci. Sannan ya zo kan birki.

Ya ɗaga gaban keken ya juya tayar, ya matsa ɗan ƙarfen da ke hannun hagu, tayar ta tsaya cak. Ya ɗaga bayan ya juya, ya matsa na dama, ita ma ta tsaya.

"Ka ji da kyau, tunda kai sabon shiga ne. Na hagu na gaba ne, na dama na baya. In kana gangarawa, dama za ka matsa, a hankali a hankali, hagu taɓawa kawai. In ka damƙe hagu shi kaɗai, tayar gaba ta tsaya ta baya ba ta sani ba, sai keke ya yi tutsu ya jehwa ka ta ka. Na san wanda ya bar haƙoranshi huɗu ga tsakuwa."

Ya juya neman famfon hura taya. Ɗana ya ɗora hannuwansa biyu. Na hagu ya matse ƙarfen har ya taɓa mariƙi. Na dama, yatsun suka kwanta a kai kamar wanki a kan danga, ƙarfen bai motsa ba. Ya yi sauri ya mayar da hannun aljihu. Babu wanda ya gani sai ni.

Na matsa kusa kamar mai sha'awa, na kama na daman na matsa. Yana da tauri, sai da na sa ƙarfi kamar mai tatsar saniya mai taurin nono. Na bi igiyoyin da ido. Baƙaƙe ne guda biyu, ɗaya ta fito daga hagu ta sauka tayar gaba, ɗaya ta fito daga dama ta bi jikin keken zuwa baya. Kowace an saƙala kanta a wata 'yar tsaga. Abin da aka saƙala kuwa ana iya zare shi a saƙala a wani wuri, wannan ko marar karatu ya sani.

Na juya wajen autata na ce, da ƙarfin da kowa zai ji, "Tambayi mai keke, igiyoyin ga ba su juyawa? Ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama."

Bai jira ta maimaita ba. "Suna juyawa, Inna. Kahin a dahwa shayi na gama. Bahago ne?"

"Bahago?" in ji ƙanen mijina. "Gidanmu ba mu da bahago. Wanga yaro tun shina cin ƙasa nike ganinshi, da dama ya ci ta." Ya juya. "Kai, bahago ne kai?"

"A'a, Baba."

"To. Ko nasara da ba ya salla ya san aikin kirki na dama ne, shi ya sa ya ba ta birki mai muhimmanci. Mu Musulmi za mu maishe shi ga hannun tsarki?"

Ɗana ya ɗago ya dube ni. Tun yana goye rabon da idona ya shiga cikin nasa haka. Ba fushi na gani ba. Ya gane na sani, kuma roƙona yake in yi shiru. Ya ce wa mai kekuna, "A bar shi yadda shike."

Da abin ya tsaya nan, wataƙila da na sake gwada wata hanya. Amma ƙanen mijina ya riga ya ji daɗin bakinsa. Akwai wasu mata uku masu sayar da tabarmin kaba a gefe, ya juya gare su.

"Ku shaida, iyayena. Yau matar yaya ta bar kunya gida. Ta biyo ɗan hwari kasuwa, tana duba mashi haƙoran doki, tana gyara mashi linzami. Saura ta goya shi."

Suka rufe baki da gefen mayafi suna dariya. Ɗayarsu, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni, ta ce, "Zamani ne." Na koma benci na zauna. Na sha gaya wa kaina cewa kallon da ɗana ya yi mini ne ya rufe mini baki. Gaskiya ce, amma rabinta. Sauran rabin wannan tsohuwar ce da kalmarta biyu.

Suka yi cinikin shuɗin, ban saurara ba. Mai kekuna ya kai ɗana wani fili a bayan rumfuna, ya riƙe masa sirdi yana bin sa da sassarfa. Ya karkace, ya dire, ya sake hawa. Wurin rairayi ne, da ka daina takawa keke ya tsaya da kansa, ba a nemi birki ba. A karo na shida ko na bakwai mutumin ya sake shi bai sani ba, ya yi tafiya kamar tsawon gona ƙarama shi kaɗai. Da ya dire ya waiwayo ya ga babu kowa a bayansa, sai ya yi dariya. Tun dawowarsa ban ji ta ba. Irin ta ubansa ce.

Da aka kira azahar maza suka tafi masallaci, autata ta shiga kasuwa neman kanwarta. Mai kekuna ya ce shi sai ya gama ɗaura mazaunin kaya. Muka rage mu biyu. Yana ɗaure ƙusa, bai dube ni ba, ya ce a hankali, "Inna, in akwai magana ki hwaɗa mani. Ba ni da surutu."

Na ce, "Babu."

Na yi lissafina ne. In ya juya igiyoyin, baffan zai gani, zai san ni ce, zai kuma tambaya. Ɗana kuwa kwana da kwanaki zai yi yana koyo a fili kafin ya tunkari tudu. Na ce a raina zan aiki ƙanwarsa ta gaya masa ya dawo da keken shi kaɗai ranar wata kasuwa, a juya masa babu wanda ya sani. Dabara ce mai kyau. Da an ba ta kwana bakwai da ta yi aiki.

Bayan la'asar muka ɗora keken a amalanke muka kamo hanya. Tsakanin Filinge da garinmu akwai wani gangare mai jar tsakuwa, ruwa ya ƙwaƙule shi gefe da gefe, ƙasansa kuma rairayi. Ba wani mai tsawo ba ne, amma duk mai amalanke a nan yake sauke mutane ya kama jaki a ka, don kada kaya su ture shi. Muka sauka. Ƙanen mijina ya dubi gangaren, ya dubi keken.

"Ga lakwal ɗin keke nan. Nan yara ka koyo. Ba ka ko takawa, shi ka kai ka da kanshi."

"Baba, bari sai gobe."

"Gobe mi? Yanzu ka yi tahiya kai kaɗai ina kallo. Ka shiga gari bisa keke ko ka shiga bisa amalanke kamar buhun gishiri, zaɓi. Mutumin ya ce dama, ka matsa dama. Mi ya yi wuya?"

Ya miƙo mini igiyar jakin, ya sauke keken da hannunsa. Ɗana ya karɓa. Na dubi jakin na ce, "Rana ta yi sanyi, a bar wasa a tahi gida."

"Ji ta kuma," in ji ƙanen mijina. "Hau, ɗana."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Taku uku ne tsakanina da shi. Ina iya cewa kada ka hau, ina iya kama sirdin. Na tsaya da igiyar jaki a hannu.

Da farko ya tafi a hankali, ƙafafunsa suna jan ƙasa. Sannan ya ɗora su, keken ya ɗauki gudu, tsakuwa tana tsalle a ƙarƙashinsa. Daga inda nake na ga gwiwar hannunsa na dama ta ɗaga sama, yana son ya danna ƙarfen da ƙarfin dantse tunda yatsu sun ƙi. Kan keken ya karkata ya nufi inda ruwa ya ƙwaƙule. Sai ya yi abin da kowa zai yi, ya damƙe da hannun da ke damƙa. Bayan keken ya tashi sama, kamar yadda mutumin ya faɗa, babu ragi. Ɗana ya wuce ta kai, ya miƙa hannun hagu ya tari ƙasa da shi. Na ji ƙarar daga sama, kamar an taka busasshen karan dawa.

Autata ta yi salati ta ruga, goyon yana ta jijjiga a bayanta. Ƙanen mijina ya bi ta, takalminsa ɗaya ya cire bai tsaya ba. Ni na gangaro da jakin a hankali, don in an sake shi amalanken zai bi ta kansu. Da na iso ya riga ya tashi zaune, gefen fuskarsa ya saɓule, hannun hagu yana kan cinyarsa ya lanƙwashe a inda ba gaɓa. Bai yi kuka ba. Abin da ya fara cewa shi ne, "Baba, keken bai lalace ba?"

Kafin magariba muka kai shi gidan mai ɗori. Tsoho ne mai ƙarancin magana, ya gaji aikin daga ubansa. Ya shafa hannun, ya aika aka yanko kara, ya ce wa ɗana, "Kama gwiwar da damanka, ka riƙe da ƙarhi, zan ja." Ɗana ya ɗora hannun. Da tsohon ya ja sai gwiwar ta zame. Ya ce a sake. Ta sake zamewa. Ya dakata, ya kama hannun daman, ya ture hannun rigar sama, ya daɗe yana duban tabon. Ya sa yatsansa biyu a tafin ya ce, "Matsa." Muna kallo duka.

"Wanga ya daɗe da mutuwa," in ji shi. Ya dubi ƙanen mijina. "Zo kai ka riƙe."

Ya riƙe, aka ja, aka ɗaure. Tsohon ya ce kwana arba'in kada ya ɗaga ko ludayi da shi, bayan nan sai abin da Allah ya yi, don karayar kusa da gaɓa take.

A waje ƙanen mijina ya tsaya kusa da ni yana kallon ƙafarsa marar takalmi. Babu wasa a muryarsa.

"Kin sani."

Na gyara zanena, ya ci gaba.

"Shi ya sa kika ce a juya igiya. Da kin hwaɗa mani, matar yaya."

"Da na hwaɗa, da ka ba shi kayan?"

Ya juya ya kama igiyar jakin. Da muka iso gida ya sauke keken, ko ƙarfe ɗaya bai lanƙwashe a jikinsa ba, ya tura shi ya wuce ƙofarmu ya shigar da shi zaurensa. Ɗana yana kallo daga kan amalanke.

Autata ta koma gidan mijinta. Matan gida suka kwashe tuwo, aka kai masa nasa ɗaki kamar kullum, aka ajiye aka fito. Babu wadda ta tuna cewa yanzu ba shi da hannun da zai ɗauki cokalin. Ni na tuna. Na zauna a bakin ƙofata har kaji suka gama shiga akurki, ina kallon labulensa, sannan na tashi na yi sallata.

Da gari ya waye na dama kunu mai ruwa-ruwa, na ɗumama ruwa na cika buta, na ɗauki ludayi. Matan gidan sun riga sun fito, biyu suna daka, ɗaya tana shirin rijiya. Na ratsa tsakar gida ta gabansu. Taɓaren suka tsaya, ban waiwaya ba. Na yi sallama a bakin ɗakin na ɗaga labule na shiga.

Yana zaune ya jingina da bango, da rigar jiya, jini ya bushe a kumatunsa da ƙasa a ciki. Tuwon yana inda aka ajiye shi, tururuwa ta kewaye kwanon. Da ya ga ni ce sai ya sunkuyar da kai. Na ture kwanon gefe, na durƙusa, na jiƙa bakin zanena na goge masa fuska har tsakuwar ta fita. Na ɗebo kunu na hura.

Na ce, "Buɗe bakinka."

Ya buɗe. Na ba shi har ƙwaryar ta ƙare. Sannan na ɗauki butar na ce ya tashi mu zaga bayan ɗaki.